Amanar Jinya: Daga Tantin Rufaida Zuwa Orita Mefa



Da wuya a sami gida ɗaya a unguwar nan da bai taɓa kwanan asibiti ba, ko don haihuwa, ko haɗarin mota a hanyar Ikko, ko hawan jinin da ya kayar da wani dattijo. Duk wanda ya yi wannan kwana ya san abu guda: likita yakan zagayo da safe, ya duba, ya yi rubutu, ya wuce. Wadda ke tare da kai dare da rana ita ce nas. Ita ke ɗaura ƙarin ruwa, ita ke juya wanda ba ya iya juyawa, ita ke ganin tsiraicin mahaifinka, ita ke jin abin da matarka ta faɗa cikin zafin naƙuda. Wanda aka ba irin wannan matsayi, an ɗora masa amana mai nauyi.

A majalisunmu, in aka taɓo zancen nas-nas, koke biyu ake yi. Na farko, wai suna da tsawa, ba sa yi wa mutum bayani. Na biyu, wai babu namu a ciki, waɗanda za su ji Hausa su kuma san kunyar matanmu. Amma in aka ce wa mutum ya ba da 'yarsa ta koyi aikin, sai ka ji ya ce ai aikin 'yan mishan ne, ko kuma aikin kwasar kashi da fitsari. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin aikin nan, mu ga inda ƙa'idojinsa suka samo asali. Za mu tarar kowace ƙa'ida da mafarinta. Wata misali ce da mutanen kirki suka bari, wata kuwa sai da aka yi ɓarna, rayuka suka salwanta, sannan aka zauna aka rubuta ta.

Tanti a cikin masallaci

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, aka yi yaƙin Khandaƙ, wanda malamanmu ke kira yaƙin Gwalalo. A nan kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, a jijiyar hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da umarni a kai shi tantin wata mata mai suna Rufaida, 'yar ƙabilar Aslam, wanda ke kafe a cikin masallacin Madina, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ibnu Ishaƙ, mai littafin Sira, ya ambace ta da cewa tana yi wa masu rauni magani, kuma ta sadaukar da kanta don neman lada wajen hidimar duk Musulmin da ba shi da mai kula da shi.

To, jama'a, a lura da wannan. Mace ce, tana jinyar namiji, babban mutum, a cikin masallaci, da umarnin Annabi. Kuma tantin da aka kwantar da shugaban ƙabila shi ne dai tantin wanda ba shi da kowa. Ba ita kaɗai ba ce. A Uhudu, Nana A'isha da Ummu Sulaim sun yi ta ɗaukar salkunan ruwa suna shayar da masu rauni. Nana Faɗima ta wanke raunin mahaifinta, da ta ga jini ya ƙi tsayawa sai ta ƙona guntun tabarma ta shafa tokar. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana dafa abinci, tana kula da masu rauni da marasa lafiya.

Akwai ƙa'idoji biyu kuma da suka zo mana daga wannan zamani. Ta farko ita ce yardar majinyaci. A ciwon ajalin Annabi, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana nuna musu kada su yi. Sun ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo, sai ya ce a ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin maganin, ban da baffansa Abbas da bai halarta ba. Buhari ya kawo wannan. Ta biyu ita ce ilimi. Abu Dawuda da wasunsa sun ruwaito cewa wanda ya tsoma hannu a magani ba a san shi da saninsa ba, in ɓarna ta auku, biya yana kansa.

Jarrabawa a Bagadaza, waƙafi a Alƙahira

Da daular Musulunci ta faɗaɗa, sai tanti ya zama gini. A shekarar 931, wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya sa babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya yi wa masu magani na birnin jarrabawa, kuma aka hana kowa taɓa majinyaci sai da izini. Sama da mutum 800 aka jarraba. Abin da muke kira lasisi yau, ga kakansa nan.

A Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a 1284, ya tsayar masa da waƙafi. An raba ɓangaren maza da na mata, da ma'aikata maza da ma'aikata mata, kuma ba a karɓar kuɗi, mai hali da talaka duk ɗaya. Duk da haka, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, tun a zamaninsa ya koka a cikin Ihya'u. Ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya, wato wanda in babu mai yi a gari kowa na da laifi, ya kuma yi mamakin garuruwan Musulmi da ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓanin malamai. Kai ka ce da Sabo yake.

Jinyar gidanmu

Mu ma ba mu taso hannu rabbana ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. A gidajenmu kuwa akwai ungozoma, akwai wanzami, akwai maɗori. Tun da aka yanka filin Sabo a 1916, fatake masu shanu da masu goro suke sauka a gidajen masu masauki. Manyanmu sun ba mu labarin yadda in baƙo ya kwanta ciwo, gidan maigida ke jinyarsa. In ta Allah ta kasance, a yi masa sutura, a ƙulle kuɗinsa har magada su zo daga Arewa. Ungozoma ta gari kuwa takan shiga gida goma ta fito, ba ka ji zancen ɗaya a bakinta ba.

Wannan gado ne mai kyau, amma yana da iyaka. Aska ɗaya da ke zagaya jarirai, da abin da ake shafa wa cibiya, sun sandarar da yara da yawa. Doguwar naƙuda a ɗaki da yankan gishiri sun bar mata da yoyon fitsari. Masu yin haka ba mugunta suka nufa ba. Kyakkyawar niyya ce ba ilimi, kuma mun riga mun ji hukuncin wannan a sama.

Matar da ta ƙirga gawawwaki

Jinyar asibiti irin ta yau ta faro ne daga Ingila. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, su ma Turawa ƙasƙantaccen aiki suka ɗauke ta, ba na 'ya'yan manya ba. Fulorens Naitingel, wadda aka haifa ranar 12 ga Mayu 1820, 'yar masu dukiya ce, kuma iyayenta sun yi tsaye a kan ba za ta yi ba. Ta dage har suka saki.

A yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, Ingila da Faransa sun mara wa Turkawa baya a kan Rasha. A watan Nuwamba 1854 Naitingel ta isa asibitin sojan Ingila da ke Sukutari, tsallaken ruwa daga Santambul, da mata 38. A hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a wurin, kuma mafi yawansu ba harsashi ya kashe su ba, kwalara ce da atuni da zazzaɓi. Barikin a kan magudanar ƙazanta aka gina shi. Da gwamnati ta aiko masu bincike a watan Maris 1855, har mushen doki suka tarar a hanyar ruwan sha. Aka yashe magudanai, aka buɗe wa iska hanya, sai mutuwa ta ragu ƙwarai.

Abin da ya bambanta matar nan shi ne lissafi. Ta tattara adadin waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su, ta ajiye a gaban hukuma, ba ta rufa wa asibitin da ita kanta ta yi aiki a ciki asiri ba. Daga nan ta tsaya a kan cewa abu na farko da ake nema daga asibiti shi ne kada ya cutar da mara lafiya. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin Sen Tomas da ke Landan. Don tunawa da ita ne ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya kowace 12 ga Mayu.

A 1893, a birnin Ditiroit na Amurka, wata malamar jinya mai suna Lystra Gretter ta jagoranci tsara alƙawarin da ɗalibai ke ɗauka ranar kammala karatu, aka laƙaba masa sunan Naitingel. A ciki nas takan yi alƙawarin ba za ta ba da magani mai cutarwa da saninta ba, za ta riƙe sirrin majinyaci da na iyalinsa, kuma za ta taimaki likita da biyayya. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya, wadda aka kafa a 1899, ta fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1953, shi ma da batun bin umarnin likita a ciki. Wannan biyayyar ce tarihi ya zo ya nuna tana buƙatar linzami.

Inda biyayya ta zama laifi

Daga 1939 gwamnatin Hitila a Jamus ta shiga kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a asibitoci. Zuwa 1941 an hallaka sama da mutum 70,000, kuma kisan ya ci gaba a ɓoye bayan haka. Nas-nas na cikin masu ba da maganin da ya wuce ƙima da allurar mutuwa. A 1965 aka gurfanar da 14 daga cikinsu a birnin Munik. Hujjarsu ita ce umarnin likita suka bi, kuma kotu ta sallame su. Tun a 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus a Nurembag, an fitar da ƙa'idoji goma na gwaji a jikin ɗan Adam, ta farkonsu ita ce dole mutum ya yarda da kansa, ba tilas ba yaudara.

Amma ko a Amurka ba a ji ba. A garin Taskigi na jihar Alabama, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke da tunjere. Ba a gaya musu sunan cutar ba, an ce musu wai ɓacin jini ne. Ko da aka tabbatar allurar fenisilin na warkar da ita, aka hana su, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum har kabari. Wadda ta riƙe mutanen nan shekara da shekaru ita ce wata nas, Eunice Rivers, baƙar fata 'yar uwarsu. Ita ke ɗauko su a mota, ta san gidajensu da matansu, saboda ita suka amince. Sai da jarida ta tona a 1972 aka daina, kuma sai 1997 Shugaba Kilinton ya nemi gafara a madadin gwamnati. A riƙe wannan labari da kyau: kasancewar nas tamu ce, mai jin harshenmu, bai isa ba in babu tsoron Allah da sanin ƙa'ida.

A 1973 ƙungiyar ta duniya ta sake kundinta. Aka cire batun biyayya ga likita, aka ce haƙƙi na farko da ke kan nas na majinyaci ne, kuma in ta ga wani, ko abokin aikinta ne, zai jefa shi cikin haɗari, wajibi ne ta ɗauki mataki. Mu dai mun san a addini biyayya ga na gaba tana da iyaka, ba ta kai ga saɓon Allah.

Kano, 1996

Kada wani ya ce wannan duk zancen ƙasashen Turawa ne. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, dubban mutane suka rasu. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200. An ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Kamfanin ya ce nas-nas na wurin sun yi bayani da Hausa, iyaye sun yarda da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Dubi inda rigimar ta tsaya: a kan abin da aka faɗa wa uwa a bakin gado, da wanda ya faɗa, da ko ta gane. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Wannan tabo na cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa, sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Amana in ta karye a gado ɗaya, gari guda ke biya.

Maƙwabtanmu na Orita Mefa

A ƙasar nan, an kafa hukumar ungozomomi a 1930, ta nas-nas a 1947, sannan aka haɗe su wuri ɗaya a 1979. Ita ke ba da lasisi, ita ke iya ƙwacewa. Badun kuwa tana da babban rabo a tarihin. Makarantar jinya ta UCH ta fara a 1952, asibitin da muke kira Orita Mefa aka buɗe shi a 1957, Jami'ar Ibadan kuma ta buɗe sashen digirin jinya a 1965, na farko a Najeriya. Duk wannan a bayan gidanmu aka yi, tafiyar da ba ta fi a hau acaba daga Mokola ba.

A asibitin nan wata Bayarabiya 'yar Ikko, Kofoworola Abeni Pratt, ta kafa tarihi. Tun tana yarinya take son jinya, mahaifinta ya ce bai dace da 'yar gidansu ba, sai ta yi karatun malanta. Bayan ta yi aure, a 1946 ta shiga makarantar Naitingel ta Landan. Ta dawo gida a 1954 ta kama aiki a UCH, a lokacin da manyan muƙaman jinya ke hannun Turawa. A 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin, a 1965 ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa baki ɗaya, daga baya ta riƙe kwamishinar lafiya ta jihar Legas daga 1973 zuwa 1975. Ta rasu a 1992. Kun ga, maganar da wasu iyaye ke yi a Sabo yau, mahaifin Naitingel ya yi ta, mahaifin Kofoworola ya yi ta. Maƙwabtanmu sun wuce wurin tuni, shi ya sa 'ya'yansu ne a bakin gadajenmu.

Waɗanda ba su gudu ba

Akwai wata ƙa'ida da ba a iya tilasta wa kowa, sai dai zuciya: tsayawa a kan majinyaci lokacin annoba. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Borno. Aka kai ta asibitin Jankwano a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta, da ɗan yanka a yatsa, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, ta kamu, aka kai ta Amurka ta rayu, daga jininta da na 'yan uwanta aka gano ƙwayar cutar da muke kira zazzaɓin Lassa. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ita ma cutar ta ɗauke ta.

Ranar 20 ga Yuli 2014 wani mutum daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Ikko da cutar Ebola, aka kai shi wani asibitin kuɗi a Obalende. Ya nemi a sallame shi, aka kuma matsa wa asibitin lamba, Dakta Stella Adadevoh ta ƙi. Ita da wata nas sabuwar kama aiki, Justina Ejelonu, duk sun kamu, sun rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana Najeriya ta tsira. Mu da motocinmu ke zirga-zirga tsakanin Ikko, Badun da Kano kullum, mun fi kowa sanin abin da zai faru da mutumin nan ya fita.

Wani zai ce, to ina yardar majinyacin da ake ta faɗa? Amsa ita ce 'yancin mutum a kan jikinsa yana tsayawa inda ran jama'a ya fara. Wannan ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka, bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da shi hanin da Annabi ya yi ga shiga garin annoba da fita daga cikinsa. A annobar nan ta Amwas Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu, suna tare da jama'arsu.

Haƙƙinmu da abin da ke kanmu

In muka tattara, amanar jinya ta tsaya a kan abubuwa biyar: ilimi kafin taɓa mutum, kada a cutar, kada a yi masa komai sai ya gane ya yarda, a rufa masa asiri, kuma kada a bambanta mai hali da mara hali ko ɗan gari da baƙo. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tabbatar da yawancinsu. Ta hana a kori mai buƙatar taimakon gaggawa, ta wajabta a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, ta kuma hana fallasa sirrinsa. Wata dokar ta 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Saboda haka, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar tiyata bai gane abin da ke ciki ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Mu haifaffun Sabo muna jin Yarbanci, da yawanmu da Turanci. Waɗanda ke shan wuya su ne 'yan ci-rani, masu acaba, 'yan ga-ruwa, da amaren da aka kawo daga Arewa. Ya kamata kowane masallaci ya san maza biyu da mata biyu masu riƙon amana da za a kira su yi tafinta, a daina sa yaro ɗan shekara goma ya fassara ciwon mahaifiyarsa. In kuma nas ta wulaƙanta mutum ko ta yi sakaci, akwai shugabar ɗaki, akwai ofishin ƙorafi, akwai hukumar lasisi. Zagi da ɗaga hannu ba sa cikin hanya, balle ga mace ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da gadaje, ga 'yan uwanta na ta ficewa Ingila.

Mu ma akwai namu. A gaya wa nas gaskiyar abin da majinyaci ya sha a gida, ko jiƙo ne ko na kemis, don wani maganin ba ya haɗuwa da wani. A rage cika ɗaki da 'yan dubiya. In ka tambayi nas ciwon maƙwabcinka ta ƙi faɗa, ba girman kai ba ne, irin rufin asirin da za ta yi maka ne ranar taka. A unguwa irin tamu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a kan ƙanjamau ko tarin fuka ta isa ta kashe aure, ta rufe shago. 'Yan kasuwa masu tafiya kuma, kafin ka hau mota zuwa Arewa ka bar mace da tsohon ciki, bar mata izinin zuwa asibiti a fili, gaban shaida, da kuɗin mota. Kada jini ya ɓalle a tsaya neman layinka. Kuma a sani, mace baliga mai hankali ita ke da jikinta, ita za a yi wa bayani, yardarta ake nema.

Sai babbar magana. Muna son mace ta duba matanmu, kuma shari'a ma ta fi son haka in da hali. To wa zai haifa mana ita? Makarantar UCH na nan, ta jihar Oyo na Eleyele. Cikin abin da ake nema akwai yarinya ko yaro ya ci Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar gama sakandare. Karatun jinya a jami'a shekara biyar ne. Nas-nas masu hijabi kuwa yanzu ba abin mamaki ba ne a asibitocin ƙasar nan. Masu hali na cikinmu, 'yan canji da masu shanu da masu goro, da kowace ƙungiya za ta ɗauki nauyin ɗaliba ɗaya, kafin shekara goma da labari ya sauya. Wanda zai auri ɗaliba kuma, a sa sharaɗin ƙarasa karatu tun wajen ɗaurin aure.

Amma in Allah Ya ba mu su, mu taimake su su riƙe amana. Jarrabawar 'yar Sabo za ta fi ta kowa tsanani, domin gwaggonta ce za ta tare ta a soro ta ce, "Ke 'yar nan, me aka gano a jikin matar wane?" Ranar nan muna so ta iya cewa, "Gwaggo, ki yi haƙuri, amana ce," mu kuma mu yaba mata, kada mu ce boko ya ɓata ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana unguwar nan, Ya kuma fitar mana da masu gadon Rufaida daga cikin zuriyarmu.